A Kankare Waya, Kada A Ƙona Ta

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin fankar da ta mutu, ko injin niƙan da aka kwance a rumfar mai gyara, ya ga wayar nan ja siririya da aka nannaɗe ɗaruruwan zagaye, tana sheƙi kamar tagulla ce tsirara. Ba tsirara take ba. A jikinta akwai wani shafe mai kama da banish, wanda a yawancin wayoyi kaurinsa bai kai na gashin kai guda ba, kuma shi ke hana zagaye ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. In shafen ya zube a tsakiyar naɗi, inji ya ƙone. In kuma ya saura a bakin waya inda za a yi haɗi, wuta ba za ta wuce ba. Don haka kowane mai naɗi, wanda a Maraɗi ake ce wa mai bobinaj, a Katsina kuma mai rewaya, tilas ya cire shafen daga bakin wayar kamar tsawon gaɓar yatsa, ya bar sauran lafiya lau. Hanyar da hannun ɗan koyo ya fi saurin kamawa ita ce ya ƙyasta ashana, ya babbake bakin wayar, ya murje toka da yatsu, ya murɗa ya wuce. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ta kai wa waya wuta tana cin dukiyar manoman Madarunfa fiye da yadda ake zato, kuma maganinta yana hannun makarantu: a koya wa yaro kankarewa da gwadawa tun kafin ya shiga rumfar maigida.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Madarunfa musamman ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa ce da arzikinta ke jingine da ɗaga ruwa. Fadamar Jiratawa, wadda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 a kan fiye da hekta 500 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, da rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki take rayuwa, kuma daga nan ake loda zogalen da ake ci har Yamai. Lambunan bakin tafki da na Gulbin Maraɗi, daga Ɗan Isa zuwa Safo, da inji suke shan ruwa da rani. Ga injinan niƙa da na markaɗe, ga janareto, ga na'urar daidaita wuta da ke bayan kowane firij, ga fanka a watan Afrilu. Dukkan waɗannan zuciyarsu naɗin waya ne. Wutar da ke juya su kuwa ba abar dogaro ba ce: tana zuwa yankin Maraɗi ne daga Najeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da aka katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wutar da ke zuwa da rauni ta fi wadda aka ɗauke illa ga inji, domin in ƙarfinta ya faɗi, injin da ke ɗauke da kaya yakan ja fiye da kima, ya yi zafi, kuma inda haɗi ya yi rauni nan zafin ke fara taruwa. A irin wannan ƙasa, ingancin hannun mai naɗi yana cikin lissafin abin da manomi zai kai gida.

Ya kamata a fahimci mene ne wannan shafe, domin daga nan hujjar take fitowa. A 1825 Baturen Ingila William Sturgeon ya nuna maganaɗisun lantarki na farko, amma da tsirarar waya ya naɗa shi, zagaye kaɗan nesa da juna don kada su haɗu, saboda haka ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Joseph Henry na Amurka ne ya lulluɓe waya da zaren alharini, ya samu damar matse zagaye da yawa wuri ɗaya, sai ga maganaɗisu na ɗaga ƙarfe mai nauyin gaske. Tun daga nan ci gaban injin lantarki ya zama tseren neman rufi mai ƙarancin kauri da jure zafi. Na yau roba ce ta musamman da ake shafawa sau da yawa ana gasawa a masana'anta, kuma aji-aji ce: akwai mai jure digiri 130 a ma'aunin Salshiyas, akwai 155, da 180, da 200 har sama. Masana sun daɗe da gano cewa duk ƙarin zafi na kamar digiri 10 a kan abin da aka tsara wa shafen yana raba tsawon ransa biyu. Harshen ashana ko na kyandir ya wuce digiri ɗari shida nesa ba kusa ba. Abin da aka ƙera don ya jure 180, an kai masa fiye da ninki uku, ana kuma sa ran ɓarnar za ta tsaya daidai inda ido ya ga baƙi.

Ba ta tsayawa. Tagulla na cikin ƙarafan da suka fi saurin kai zafi, don haka zafin yana bin wayar ya shiga ciki, ya gasa shafen da ke bayan wurin da aka ƙona, ya bar shi da kamanninsa amma ya bushe ya yi tsattsage da ido ba ya gani. A bakin wayar kuma wuta tana barin baƙin tsatsa da gawayi, waɗanda dalma ba ta kama su. Mai kallo da kyau zai gane: a kan wayar da aka babbake, dalmar takan dunƙule kamar ɗigon ruwa a ganyen gwaza, ta zauna a sama ba ta shiga ba. Haɗin zai yi aiki yau, ya yi gobe, mai inji ya biya ya tafi yana sa albarka. Bayan wata biyu na jijjiga da zafi sai ya fara ɗumi, ya yi baƙi, ya yanke ko ya kama da wuta, kuma mai inji zai ɗora laifin a kan kamfanin wuta na NIGELEC ko a kan ƙaddara. Aikin da ya dace bai fi minti ɗaya ba. A yanki ɗan guntun samfefa mai laushi, a ninke shi biyu, a sa bakin wayar a tsakiya, a ja waje ana jujjuya ta, sau shida ko takwas, har launin ya sauya daga ja mai duhu zuwa jan tagulla mai haske ta kowane gefe. In da reza za a yi, a kwantar da wayar a kan katako, a karkata rezar baya tana shafa ba tana yanka ba, domin zane ɗaya mai zurfi shi ne inda wayar za ta karye nan gaba. Sannan a shafa dalma a bakin shi kaɗai kafin a haɗa. In ta malale ta rufe shi fari fat, an gama. In ta bar tabo, shafe ya saura. Na ƙarshe a ɗora mitar gwajin wuta a ji ko hanya ta buɗe. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Masu sana'a za su ce ai zafi ma hanya ce da masana'antu suka yarda da ita, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, ba zan ƙi ba. Akwai nau'in shafe, wanda aka fi sa wa ƙananan wayoyin rediyo da lasifika da ƙananan taransifoma, da aka ƙera shi don ya narke da kansa a cikin dalma mai zafin kusan digiri 400. Irin wannan, a tara ɗigon dalma a bakin ƙarfen liƙi, a tsoma wayar na ɗan lokaci, ta fito a wanke, kuma wannan ya fi reza ga wayar da ta kai siririn gashi. Haka nan a manyan injina akan haɗa wayoyi masu kauri da harshen gas, a narkar da su su zama ɗaya. Mai son auna kaurin tsohuwar waya ma yakan ɗan ƙona guntun da ya yanke, don kankarewa na rage ta. Amma a duk waɗannan, zafin yana da awo, an san inda zai tsaya, an san irin wayar da ke hannu. Wayar naɗin injin niƙa ko ta janareto mai aji 180 ko 200 ba ta narkewa a dalma, sai an kankare. Abin da nake suka shi ne a ba yaro hanya ɗaya tilo ga kowace waya, ba tare da ya taɓa jin cewa shafe iri-iri ne ba.

Kuma hannun da ya saba da ashana a bakin waya shi ne gobe zai tura injin gaba ɗaya cikin wuta. A nan asarar take da girma. Kafin a sake naɗi sai an fitar da tsohuwar wayar da banish ya daskarar a cikin ramukan ƙarfe, kuma hanya mai sauƙi ita ce a hura itace ko tsohuwar taya a jefa ƙarfen a ciki har ya yi ja. Wannan ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Faranti-faranti ne masu kaurin kusan rabin milimita, an jera su, kowanne da nasa siririn rufi da ke raba shi da na kusa, don kada wata ɓatacciyar wuta ta riƙa kewaye a cikin ƙarfen tana mai da ƙarfin inji zafi. Binciken da ƙungiyoyin masu gyaran inji na Amurka da Ingila, EASA da AEMT, suka fitar a 2003 ya nuna cewa injin da aka sake wa naɗi bisa ƙa'ida ba ya rasa ingancinsa, kuma cikin ƙa'idojin akwai cewa zafin fitar da tsohuwar waya kada ya wuce kamar digiri 370. Wutar itace ta wuce nan. Injin da aka gasa haka zai tashi, zai juya, amma daga ranar yana cin wuta fiye da da, yana ɗumi ko ba kaya, kuma sabon naɗin da aka biya kuɗinsa zai mutu da wuri. Shi ya sa ake jin manomi na cewa injin da aka taɓa buɗewa ba ya komawa daidai. Ba sana'ar ce ta gaza ba, hanyar ce. Ko babu tanda mai ma'auni, ana iya yanke kan naɗin ta gefe ɗaya da kurfi, a ɗumama a hankali, a zare wayar rami-rami da filaya, ana ƙirga zagaye ana rubutawa. Ya fi cin lokaci, kuma ya kamata mai inji ya san cewa lokacin nan shi yake saye.

Kankarewa tana da wata fa'ida da wuta ke ɓoyewa, ita ce tona asirin waya. Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka yi wa rufin tagulla ko shafe mai launin ja, kuma da ido ba a bambanta ta da ta gaske. Reza ɗaya ta isa: in ciki ya fito fari, ba tagulla ba ce. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne na wutar da tagulla mai kauri ɗaya za ta ɗauka, dalmar da aka saba ba ta kama shi da kyau, kuma haɗinsa da tagulla yana cin kansa in danshi ya shiga. Haka ma rage kauri. In mai naɗi ya sa wayar da ta gaza ta asali da kashi ɗaya cikin goma a faɗi, hanyar wutar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafin da take haifarwa kuma ya ƙaru da kusan kwata. Manomin da ya san ya ce a kankare masa bakin waya ya gani kafin a fara, ya kare jakkunansa. Mai naɗi na ƙwarai kuma shi zai fi kowa cin riba, domin yau ana sa shi a kwando ɗaya da mai algus.

Ga kuma huhu. Shafen da ke narkewa a dalma yana fitar da hayaƙi mai sa asma, kuma yaron da ya sunkuya a kai a rumfar kwano ba taga shi ke shaƙa. Dabarar nan da ke yawo ta narka ƙwayar asfirin a ƙarƙashin waya tana aiki, amma hayaƙinta na ƙona maƙogwaro da ido, bai kamata a nuna wa yaro ita ba. Mafi muni shi ne ƙona wayoyin roba don a fitar da jan ƙarfen sayarwa ga ƴan gwangwan, domin robar tana sakin iska mai guba da ke zauna a ƙasa da jiki. Agbogbloshie a Akara ta yi suna a duniya da wannan baƙin hayaƙi kafin a rushe wurin a 2021, kuma yawancin masu ƙonawar matasa ne da suka gangaro daga arewacin Gana neman abinci. Ba na son a wayi gari bayan kasuwanninmu sun zama ƙananan irinta, alhali wuƙa da haƙuri na fitar da tagulla mai tsabta wadda ta fi ƙonanniya daraja a sikeli.

To ta ina za a fara? Daga wasan yara. Akwai wani ƙaramin inji da ɗan aji biyar zai iya haɗawa a zama ɗaya: batir ɗaya na tocila, maganaɗisu daga mataccen lasifikar rediyo, fil biyu na kama zane, da waya kamu biyu ko uku da aka zaro daga tsohuwar taransifoma. A naɗa wayar sau goma sha biyar a jikin batir, a zare, a bar bakuna biyu suna miƙe hagu da dama kamar gatarin keke. Baki ɗaya a kankare shi kewaye. Ɗaya bakin kuwa a kwantar da shi a kankare rabin sama kawai, a bar shafen rabin ƙasa. A ɗora a ramukan fil, a kawo maganaɗisu ƙarƙashi, a ɗan tura da yatsa, sai zoben ya kama juyawa shi kaɗai. Sirrin yana cikin rabin shafen da aka bari: shi ke yanke wuta a rabin kowane juyi, ya bar zoben ya wuce da saurinsa. Yaron da ya ƙona bakin da ashana ba zai iya barin wannan rabin daidai ba, zobensa zai yi ta karkarwa a wuri ɗaya ko ya ƙi motsi. Babu darasin allo da zai koya masa darajar shafe kamar wannan. A zama ɗaya ya ga dangantakar lantarki da maganaɗisu wadda Michael Faraday ya gina aikinsa a kai, ya riƙe reza da ladabi, ya kuma gane cewa in abu ya ƙi aiki akwai dalilin da za a nema.

Wani zai ce, a yankin da ɓarayin daji ke tsallako iyaka suna kwashe shanu da mutane, inda azuzuwa da yawa na zana ne, wa ke da lokacin bakin waya? Tambayar tana da nauyi. Amsata ita ce wannan darasi ba ya gasa da komai a kasafin kuɗi. Ba ya bukatar wutar NIGELEC, ba ya bukatar ɗakin gwaji, kayansa a juji suke, kuma mita ɗaya ta ƴan jakkuna ta ishi makaranta. Sannan matsalar tsaro da ta zaman banza ba baƙin juna ba ne. Saurayin da ke da rumfa a Gabi ko Sarkin Yamma, manoma na layi da injinansu a ƙofarsa, yana da abin da zai tsare, kuma ba ya bukatar bin hanyar ƙaura ta Agadas. Wani kuma zai ce zamani ya wuce gyara, tunda sabon injin Sin ya kusa kuɗin naɗi, famfunan hasken rana kuma a rufe suke. Gaskiya ne cewa wasu famfunan cikin rijiya an toshe su yadda ba a buɗewa, wasu kuma wayarsu mai rigar roba ce ba mai shafe ba, aikinsu daban. Amma araha ba ta ado: injin da ya yi arha sau da yawa alminiyam ne a cikinsa, kuma in gangar jikinsa na da kyau, naɗin tagulla na gaske yakan mai da shi ya fi yadda aka sayo shi. Hasken rana ma bai kore naɗi ba, ƙara shi ya yi, domin galibin na'urorin juya wutar batir suna da taransifoma da ƙananan naɗe-naɗe a ciki. Kuma watannin da iyaka ta rufe daga 2023 sun nuna wa Maraɗi abin da ke faruwa da farashin sabo idan hanya ta toshe.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta masu gida: sana'a a rumfa ake koyonta, kuma sun ga masu takardar makaranta da ba su iya riƙe filaya ba. Na yarda, kuma shi ya sa ban ce makaranta ta maye gurbin rumfa ba. Maigida yana da abin da littafi ba ya da shi, yana jin ƙaurin naɗi ya san inda ya ƙone, yana taɓa gangar inji ya san ko zai kai yamma. Abin da rumfa ba ta cika bayarwa ba shi ne dalili, domin ana koyo ne da kallo, kuma kuskuren da illarsa ba ta fitowa sai bayan wata biyu yakan wuce daga hannu zuwa hannu ba a gane shi kuskure ne ba. Kayan haɗa ɓangarorin biyu suna nan. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai sashen lantarki a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a da ƙaro ilimin masu ita. A ɗauki masu naɗin da suka yi suna a yankin, a ba su horon kwana kaɗan a kan ajin shafe, da awon kauri, da fitar da tsohon naɗi ba tare da gasa ƙarfe ba, a cikin Hausa, sannan a biya su su shiga azuzuwa su nuna wa yara. Ƙungiyoyin manoman Jiratawa kuma, da duk mai lambun da ke kai inji gyara, su sa sharaɗi uku kafin su biya: a kankare bakin sabuwar wayar a gabansu su ga launinta, a nuna musu ƙarfen injin babu alamar wuta a jikinsa, a kuma rubuta musu kaurin waya da yawan zagaye a takarda su ajiye don gyara na gaba.